Ciwon Gefen Gwiwa da Yadda Ake Tausarsa

Maigida, ko ka taɓa hawa keke daga Ajingi za ka Gaya, ko daga Gaya za ka cin kasuwar Wudil ran Juma'a, ka tashi lafiya lau, amma kafin ka kai rabin hanya ka ji zafi ya soke ka a gefen gwiwa ta waje? In ka huta ya lafa, in ka sake hawa ya komo. Masu tafiyar ƙasa mai nisa su ma sukan gamu da shi. Waɗansu su ce sanyi ne, waɗansu su ce jifa ne. Yawanci ba ko ɗaya.

Ga asalin abin. Akwai wata jijiya mai faɗi, mai tauri kamar majanyi, wadda ta taso daga ƙugu, ta bi gefen cinya, ta kama ƙashi a ƙarƙashin gwiwa. Tsokokin ƙugu da na ɗuwawu ne ke jan ta. In sun gaji sun ɗaure, sai ta riƙa danne naman da ke kan wani ɗan tudun ƙashi, wajen faɗin yatsa 2 bisa gaɓar gwiwa. Nan ake jin zafin, amma tushensa yana can sama. Saboda haka mai tausa ba ya murza wurin da ke ciwo. Murzar ƙara fusata shi take yi.

To, ga yadda za a yi. Mai ciwo ya kwanta a tabarma a kan gefensa mai lafiya, a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa. Namiji ya tausa namiji, mace ta tausa mace, ko kuwa miji da mata su taimaki juna. A fara gasa cinya da tsumma da ruwa mai ɗumi, wanda hannu ke iya jurewa. Sa'an nan a shafa man kaɗe ko man gyaɗa kaɗan. Mai tausa ya sa gindin tafin hannunsa bisa gwiwa da faɗin yatsa 4, ya tura sannu sannu zuwa ƙugu, ya bi naman gaban cinya, ya komo ya bi na baya. In ya iso ƙugu da ɗuwawu ya dakata, gama nan ne aikin yake. Ya laluba da babban yatsa, inda ya ji tsoka ta yi ƙulli ya danna, ya ƙirga 30, ya saki. Minti 10 ya isa, sau ɗaya a yini. In mai ciwo yana cije baki, hannu ya yi nauyi, a rage. Ba kokawa ake yi ba.

Tausa kaɗai ba ta hana ciwon komowa, sai an ƙarfafa ƙugu. Kana kwance hakanan, ka miƙe ƙafar da ke sama, ka ɗaga ta sannu, ka sauke, sau 10, safe da yamma. Ka rage doguwar tafiya na mako 2 ko 3. Ka duba sirdin kekenka kuma: in sai ka karkace kafin ƙafarka ta kai feda, ya yi tsawo, a sauke shi kaɗan.

Kada a yi tsaga, kada a kafa ƙaho, kada a yi lalas. Babu mugun jini a wurin, sai dai a jawo gyambo, da tetanus, da cutar hanta in askar ta taɓa jikin wani.

Akwai kuma gwiwar da ba a tausa ta ko kaɗan: wadda ta kumbura ta yi zafi rau, balle da zazzaɓi, wadda aka fāɗi a kanta har ba a iya takawa, wadda ke maƙalewa ko ta goce, da ƙafar da sharaɓarta ta kumbura, domin ko jini ne ya daskare a ciki, tausa tana iya tura shi huhu. Yaro mai ɗingishi, ko mai sikila, shi ma kada a taɓa shi, gama ciwon ƙugu a yara yakan fito a gwiwa. Duk waɗannan a kai su asibiti ran nan, kada a kwana.

In an yi mako 6 ana tausa ba sauƙi, a tafi Babban Asibitin Gaya. In likita ya ga ya kamata, zai tura ku Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, inda akwai ma'aikatan gashi da motsa jiki.