Darasin Lafiya: Mayaƙan Jini da Allurar Kanjamau

Muna da allurar rigakafin ƙyanda da ta shan inna. Don me har wa yau ba mu da ta kanjamau? Bari mu duba abin da likitoci suka gani cikin jinin mutanen da suka yarda a gwada sababbin allurai a jikinsu.

Cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki. Ƙwayoyin B su ne maƙera, suna ƙera makamai masu kama ƙwayar cuta. Ƙwayoyin T masu kisa suna hallaka duk ƙwayar jiki da cuta ta shiga. Ƙwayoyin CD4 kuwa su ne ke ba sauran umurni. Aikin allura shi ne ta nuna musu kamannin abokin gaba tun bai zo ba. Amma ƙwayar HIV tana yawan sāke kamanninta, kuma masu ba da umurnin nan ne take kashewa.

Kamfanin Merck ya gwada wata allura domin ta da ƙwayoyin T. Sun tashi kuwa cikin yawancin mutanen, amma ba su hana kamuwa ba. Aka tsai da gwajin a 2007.

A ƙasar Tailan aka gwada wata a kan mutum fiye da 16,000. A 2009 aka sanar ta rage kamuwa da kashi 31 cikin 100. Waɗanda jininsu ya ƙera makamai masu kama wani ɓangare na fatar ƙwayar, su ne suka fi tsira. Amma da aka gwada irinta a Afirka ta Kudu ba ta yi amfani ba, aka bari a 2020.

Daga nan muka koyi cewa ta da mayaƙa kaɗai bai isa ba, sai an ta da waɗanda suka dace. Akwai waɗansu ƙwayoyin B ƙalilan da za a iya horar da su su ƙera makami mai kama HIV iri iri. A 2022 masana a Amurka suka ba da labari cewa allurarsu ta ta da irin waɗannan cikin mutum 35 daga 36. Wannan matakin farko ne kawai, ba kāriya ba tukuna.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada kowa ya ruɗe mu cewa yana da allurar kanjamau. Mu je a auna jininmu. Mai ɗauke da ƙwayar kuwa ya riƙa shan maganinsa kullum, gama yana tsare ransa, yana kuma tsare iyalinsa.