Mota tana sarƙewa, fitila ba ta kamawa

Masu sayen motar Beljiyam da motar hannu, ku ji abin da ya ɓata mini rai a gareji.

Wani dattijo, malamin makaranta da ya yi ritaya, ya ɗebi kuɗin sallamarsa ya sayi Corolla 2005 ta hannun dillali. Fenti yana ƙyalli, esi yana sanyi, dashbod tas babu fitila ko ɗaya. Ba a daɗe ba ta fara nuna hali. A shimfiɗaɗɗen titi lafiya lau take tafiya, amma da an taka totur da ƙarfi, ko an zo hawan gada da mutane a ciki, sai ta sarƙe, ta fizga, sannan ta saki. Da safe kuma silo yana rawa.

Ya kai wa bakaniken unguwarsu. Wannan ya kasa kunne, ya ce fulogi ne. Aka sa sababbi, na jabu ma kuwa. Ba ta daina ba, ya ce famfon mai ne. Aka canza. Aka wanke nozul. Da duk wannan ya ƙi ci, sai ya ce burenbos ne, wato ƙwaƙwalwar motar, a nemo kuɗi. Duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya jona mata kwamfuta, wai tunda fitilar cek ba ta kama ba ai ba matsalar kwamfuta ba ce. Dattijo yana ta biya, mota tana ta yawo da silinda uku da rabi.

Ranar da abin ya kai maƙura, ɗansa ne ke tuƙi za su Zariya da iyali. Bayan Kwanar Ɗangora ya fita zai wuce tirela, ya taka totur har ƙasa, mota ta ƙi ɗagawa. Ga wata babbar mota ta taso masa a baya, ga tirela a gefe. Allah ne Ya kiyaye, ya samu ya koma ya gangara gefen titi, yara suna ta kuka. A kan igiya aka jawo ta zuwa wurina.

Na murɗa makulli ban tayar ba. Fitilar bakin mai ta kama, ta batir ta kama, ta birki ta kama. Ta cek shiru. Na ce, "Baba, tun da kuka saya kun taɓa ganin wata fitila mai ruwan ɗorawa a nan?" Ya ce, "Wallahi ɗana ban taɓa gani ba. Dillalin ma da ita ya yi mini talla, ya ce dubi, ba cek ko ɗaya." Muka kwance mita. An liƙe fitilar da baƙin salatif daga ciki, an mayar da gilashi tsaf. Tana ci, tana ƙiftawa, babu mai gani. Wanda ya yi wannan aiki ya san sarai abin da yake ɓoyewa, kuma ya san mutane za su shiga motar nan da 'ya'yansu.

Kwamfuta ta ba da P0302, P0171 da P0420. Na ɗauke koyil ɗin silinda ta biyu na mayar ta huɗu, muka goge, muka zaga, lamba ta koma P0304. Koyil ɗaya ne ya mutu, shi ke nan. Na duba yadda burenbos ke ƙara mai: a silo ya ƙara sosai, da an ɗaga totur sai ya sauko. Iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, kuma duk wanda ya saba da injin 1ZZ ya san gasket ɗin manifol ɗinsa yana bushewa ya riƙa zuƙo iska, musamman da sanyin safiya. Koyil da gasket, abin da motar ke nema tun farko ke nan. Famfon da aka cire, da Baba ya kawo mini shi a leda na gwada, lafiyarsa ƙalau. Burenbos ɗin da aka so a jefar, shi ne ma yake ta faɗin gaskiya.

Ɓarnar da ta fi ciwo tana cikin salansa. Man da silinda ta biyu ba ta ƙona ba yana gangarawa ɗanye cikin indomi, wato abin da ke tace hayaƙi, can yake kamawa da wuta, har ya narke ya toshe hanyar hayaƙi. Shi ya sa a kan titin Zariya aka taka ta ƙi tashi, injin ba shi da inda zai fitar da numfashi. Da na gaya wa Baba kuɗin indomi mai kyau, ya yi shiru, ya cire hula ya riƙe a hannu. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da 'ya'yan mutane. Ina faɗa masa raina yana tafasa, don gyaran da bai kai komai ba aka bari ya zama wannan.

To ku ji. Ka murɗa makulli kafin ka tayar, idan fitilar cek ba ta kama ba, kar ka saya. Idan tana ƙiftawa kana tafiya, ka sauke ƙafa ka nemi gefe. Kar ka yarda a canza maka komai kafin a auna.

'Yan uwana bakanikai, canza kaya har a dace ba gyara ba ne, caca ce da aljihun wani. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da soket ɗin OBD2, na Turai masu fetur tun 2001. Yawancin abin da ke shigo mana ta Legas da Kwatano yana da shi a ƙarƙashin sitiyari. Me zai sa a yau mutum ya tsaya yana duba da kunne kawai? Su ma masu ƙaramar na'urar da ake haɗawa da waya ban bar su ba. A ga P0171 a ce sensa ya mutu, a tura mai mota kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo wani. Sensan nan rahoto ya kawo cewa iska ta yi yawa ko mai ya yi kaɗan. Sai ka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, ka duba sensan iska ko ƙurar hunturu ta rufe shi, ka auna ƙarfin famfo, sannan ka buɗe baki. Goge lamba ko cire kan batir don fitila ta mutu kuwa, yaudara ce, ko da mai motar ne ya roƙe ka.

Masu motoci ku ma kuna da naku. Mutum zai kashe miliyoyi a kan mota, a ce ya biya kuɗin kwamfuta ya ce, "Ai dubawa kawai ka yi, me ka gyara?" Wani kuma fitilar a kunne take shekara da shekaru, wai "haka na saye ta". To ranar da sabuwar matsala ta zo, da me za ka gane? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa da ɗan digo yake yawo, allura kullum a ƙasa, alhali man tankin ne ke sanyaya famfo. Ga man bumburutu. Wanda ya ga motocin da gurɓataccen fetur mai methanol ya kwantar a watan Fabrairun 2022 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Idan sarƙewa ta fara daidai bayan shan mai, ka faɗa wa bakanike inda ka sha. Kar a cire maka tamostat a ɗaure fanka kai tsaye. Kar a fasa maka indomi ba tare da an gano abin da ya kashe shi ba, kuma duk abin da aka cire a motarka ka karɓi abinka. Jar fitilar bakin mai kuwa ba ta jira a isa gida, a kashe injin nan take.

Na sake faɗa, ku murɗa makulli ku ƙirga fitilu. Wasu sun fi mai salatif wayo, haɗa wayar cek suke yi da ta bakin mai ko ta batir, su kama tare su mutu tare. Saboda haka ido kaɗai bai isa ba, ka je wurin saye da mai kwamfutarka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ya duba ko gwaje-gwajen da burenbos ke yi wa kansa sun kammala. Idan ya tarar babu lamba ko ɗaya amma yawancinsu ba su kammala ba, kwanan nan aka goge ko aka cire batir. Ku fita da motar har ta yi zafi, ku kunna esi, ku hau gada, ku taka ta sosai, sannan a sake jona kwamfuta kafin kuɗi ya fita daga hannunka. Dillalin da ya ce ba a fita da mota gwaji, ka bar masa kayansa.