Ƙwaya Ba Ta Ƙara Saurin Hannu: Jawabi ga Masu Wasan Kurket a Na'ura da Iyayensu

Akwai wata magana da ke yawo a bakin samarinmu, tun daga shagunan gem na cikin garin Gaya har zuwa rumfunan cajin waya na Ajingi, wadda ta ishe ni ji har na ga ya wajaba in warware ta a rubuce, watau cewa wai wanda ya haɗiyi tiramol, ko ya kurɓi kodin, idonsa yakan buɗe, hannunsa ya yi sauri, har ya riƙa cinye abokan wasansa ba ƙaƙƙautawa. Maganar ta daɗe a tsakanin masu buga ƙwallon ƙafa a PlayStation, amma ta fi samun gindin zama a wurin 'yan tsirarun da suka koma wasan kurket a waya, domin shi wannan wasa yana da wata wahala tasa wadda ke sa mutum ya zargi hannunsa: a jefo maka ƙwallo ka danna, na'ura ta ce ka makara, ka ɗan riga lokaci, ta ce ka yi gaggawa. Tambayar da iyaye da yayye ke kawo mini kusan ɗaya ce kullum: "Malam, shin da gaske ne maganin nan yana ƙara sauri?" Amsata ita ce ƙarya ce tsagwaronta, kuma ƙarya ce mai kai yara asibiti.

Kurket dai ba baƙo ba ne ƙwarai a ƙasar Hausa, ko da yake bai taɓa shiga jinin talakawa ba. An buga shi a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, masu kallon finafinan Indiya sun san shi ta fim ɗin Lagaan na 2001, ɗaliban da gwamnatin Kano ke turawa Indiya karatu suna tarar da shi a kowane lungu, sa'an nan a watan Janairu na 2025 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan a gasar duniya a Malesiya. Saboda haka babu mamaki in an ga wasan Real Cricket ko World Cricket Championship a wayar wani saurayi a Gaya.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne cewa gani da aikatawa ba a lokaci guda suke faruwa ba, kuma wannan ba sabon ilmi ba ne, domin Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya riga ya kafa hujja a cikin Kitabul Manazir cewa idraki yana bukatar zamani, ko da kuwa ɗan ƙanƙani ne wanda mai shi ba ya jin wucewarsa. A 1850 Helmholtz, masani Bajamushe, ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo, ya tarar bai wuce kamar mita 30 a sakan ɗaya ba. Haske ya shiga ido, ido ya aika wa ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci, ta aika wa yatsa, yatsa ya motsa: wannan tafiya duka, a jikin saurayi lafiyayye wanda ya yi barci ya ƙoshi, takan ci tsakanin humusin sakan da rubu'insa, watau 0.2 zuwa 0.25, in abu ɗaya tak yake jira. Idan kuwa sai ya zaɓa tsakanin dama da hagu, ko tsakanin gaba da baya, lokacin yakan ƙaru gwargwadon yawan zaɓin. Kunne ya ɗan fi ido sauri, amma duk da haka, a tseren mita 100, ɗan tseren da ya motsa kafin ushirin sakan ya cika bayan ƙarar bindiga, hukuncinsa shi ne ya yi riga-malam-masallaci, a kore shi, domin ƙa'idar ta ginu a kan cewa ɗan Adam ba ya iya ji ya amsa a ƙasa da haka. Wannan haddi ne na halitta, kuma ba a sayar da abin ƙetare shi a kemis.

To, a auna wannan da filin kurket. Tsawon wurin jifa yadi 22 ne, kimanin mita 20, kuma majefi mai ƙarfi yana sakin ƙwallo da gudun kilomita 140 a awa, har Shoaib Akhtar na Pakistan ya kai 161.3 a gasar duniya ta 2003. Ƙwallon da ke irin wannan gudu yana isa ga mai duka cikin kamar rabin sakan ko ƙasa da haka, alhali kuwa ɗaga sanda da saukar da ita kaɗai na cin kaso mai yawa daga ciki. Da a ce saurin amsawa ne kaɗai dabarar, da babu mahalukin da zai taɓa ƙwallon. Amma masana biyu, Land da McLeod, a binciken da suka buga a 2000, sun sa wa masu duka na'urar bin ƙwayar ido, suka ga cewa idon yakan bi ƙwallo na ɗan lokaci kaɗan bayan an sake shi, sa'an nan ya yi tsalle ya riga shi zuwa wurin da ake kyautata zaton zai dira, ya jira shi a can; kuma wanda ya fi gwaninta a cikinsu shi ne wanda idonsa ya fi yin wannan tsalle da wuri. Gwani ba ya tsere da ƙwallo, firasa yake yi, kamar yadda tsohon ɗan dambe yake karanta kafaɗar abokin karawarsa da tsayuwar ƙafarsa, ya kauce tun kafin naushi ya taso. Firasa kuwa 'yar maimaici ce da natsuwa, su ne kuma abubuwa biyu na farko da ƙwaya ke rushewa.

A cikin wasan na'ura akwai ƙarin wata mas'ala wadda babu ita a fili, kuma galibin masu kuka da hannunsu ita ce ke damunsu ba su sani ba. Masu ƙera wasan suna ware wani ɗan taƙi na lokaci wanda in ka danna a cikinsa dukanka ya yi kyau, kuma da zarar ka ɗaga matakin wahala sai su ƙuntata wannan taƙi, su ƙara wa ƙwallo gudu, su rage tsawon lokacin da alamar wurin dira take bayyana. Sa'an nan abin da kake gani a allo ya riga ya faru a cikin na'ura: wasan da ke nuna hoto 60 a sakan, kowane hoto yana cin kimanin 0.017 na sakan, mai nuna 30 kuwa ninki biyu, kuma talabijin da yawa suna tsayawa su gyara launi da santsin hoto kafin su nuna, har jinkirin ya kusa kai ushirin sakan a wasunsu. Mai shagon da ya shiga saitin talabijin ɗinsa ya kunna abin da aka rubuta Game Mode ya yi wa yaran unguwa abin da katan guda na ƙwaya ba zai yi musu ba. Wayar hannu ma haka take: ka duba saurayi a rumfar caji da tsakar rana a watan Afrilu, waya a jone da wuta, bayanta ya yi zafi har yana sauya hannu, gilashin kariyar ya tsattsage, gumi ya jiƙa babban yatsa, hoto yana 'yar tsayawa yana ci gaba, domin waya in ta yi zafi da kanta take rage gudunta don kada ta lalace. Wannan ai ba hannunsa ne ya gaza ba. Ya cire caji, ya bar ta ta huce, ya rufe sauran manhajoji, ya rage ingancin hoto a saitin wasan, ya koma mataki mai sauƙi, ya shiga wurin atisaye ya riƙa duban hannun majefi maimakon ƙwallo har idonsa ya saba, sa'an nan ya hau mataki na gaba. Sauran bayanin madannai ba sai na tsaya a kansa ba, yaran sun fi ni saninsa.

Yanzu sai ƙwayar kanta. Tiramol da kodin dangin ofiyam ne, kuma aikin wannan dangi a jikin ɗan Adam shi ne dusashe saƙon da ke bin jijiyoyi, shi ya sa suke kashe raɗaɗi, shi ya sa kuma a takardar da ke cikin kwalinsu ake gargaɗin mai sha a kan tuƙi da aiki da injina. Ta yaya abin da aka yi don ya rage kaifin saƙo zai koma ya ƙara masa gudu? Abin da ke ruɗin samari shi ne cewa tiramol, ban da wancan aiki, yana kuma taɓa wasu sinadaran ƙwaƙwalwa masu sa mutum ya ji kuzari da ƙarfin zuciya, sai gajiya ta ɓuya, fargabar shan kaye ta gushe, mutum ya ji a ransa cewa shi ne gwani. Amma jin sauri daban, sauri daban. Ya ci sau ɗaya ya riƙe a zuciya, an cinye shi sau biyar ya manta, ya tashi ya ba ƙaninsa labari, haka jita-jitar ke haihuwa.

Illar da nake so a ji da kunnen basira, wadda zan maimaita ko da za a ce na cika nanatawa, ita ce jijjiga irin ta farfaɗiya. Tiramol yana sauƙaƙa wa ƙwaƙwalwa faɗawa cikin jijjiga, har a wurin wanda bai taɓa yi ba, babu kuma mai ita a danginsu. Wanda hukuma ta yarda a sayar, bisa takardar likita, mai miligiram 50 ne da 100, kuma likita ba ya wuce wa babban mutum 400 a yini guda. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa kuwa akwai mai 225, har da mai 250, ga shi yaro yana watsa biyu a baki lokaci ɗaya, ya kora da lemon ƙara kuzari, cikinsa babu abinci, idonsa bai ga barci ba tun jiya, yana zaune a ɗaki mai duhu gaban allo mai walƙiya. Duk sharuɗɗan faɗuwa sun cika. Kuma jijjiga ba ta zaɓen wuri: wanda ta ƙyale a kan benci tana iya kama shi a kan babur a hanyar Wudil. Ko ba ta kama shi ba, mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowane sakan, don haka jinkirin rabin sakan wajen taka birki mita 8 ne na ƙari, kuma a cikin mita 8 akuya na iya gilmawa, yaro ma na iya gilmawa. Malamanmu sun lissafa kiyaye hankali a cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, tare da addini da rai da nasaba da dukiya. Ga mai sayar da biyu daga ciki, hankali da rai, don ya ci wasan da ko sisi ba ya bayarwa.

Abin da yake rage saurin yawancin yaran nan, in an cire matsalar na'ura, rashin barci ne. Binciken da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, aikinsa yakan lalace daidai da na wanda giya ta fara taɓawa. Akwai kuma masu raunin gani waɗanda ba a taɓa auna idonsu ba, suna matse ido suna kusantar allo. Waɗannan tabarau suke bukata. Wanda yake son ya ga haƙiƙa da idonsa, ya samo rula ta 'yan makaranta mai santimita 30, abokinsa ya riƙe ta a tsaye daga sama, shi kuma ya buɗe yatsu biyu daidai sifiri, a sake ta ba sanarwa, ya cafke. In ya kama a santimita 20, saurinsa kimanin 0.2 na sakan ne. In ta kuɓuce masa gaba ɗaya, ya kai rubu'in sakan ko ya wuce. Ya gwada da hantsi bayan ya yi barci, ya sake gwadawa ranar da ya kwana a kan waya. Ban ce kowa ya sha wani abu don gwaji ba, kuma wanda ya yi haka alhakinsa a wuyansa.

Laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Tun watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya tona asirin cinikinsa, kuma binciken ƙasa da aka fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda; amma har yau yaro ɗan shekara 15 ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, alhali dattawan unguwa suna cewa ba su sani ba. Mai kemis da ke miƙa wannan kaya ba takarda, ya sani cewa ba ciniki yake yi ba, amana yake ci. Masu shagunan gem kuma, ku da kuke ganin wanda idonsa ya kaɗa, harshensa ya yi nauyi, kuna karɓar kuɗinsa kuna ƙara masa lokaci har ƙarfe biyun dare, ku ne kuka fi kowa ikon cewa a wannan shago ba a shiga da maye. Iyaye kuwa, bulala da fasa waya ba su taɓa fitar da ƙwaya daga jinin kowa ba. Sukan dai koya wa yaro ɓoyewa.

In jijjiga ta kama wani a gabanku, ku kawar da benci da wayoyin wuta daga kusa da shi, ku sa wani abu mai taushi ƙarƙashin kansa, kada ku danne shi, kada ku cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada ku ɗura masa ruwa ko manja ko rubutu a wannan hali, domin yana iya shaƙa ya tafi huhu. In ta lafa ku juya shi ya kwanta a gefensa. In ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, ko ta dawo, ko numfashinsa ya yi ƙasa ƙwarai ya ƙi farkawa, a ɗauke shi nan take zuwa Babban Asibitin Gaya ko wanda ya fi kusa, a tafi da kwalin abin da ya sha, a gaya wa ma'aikata gaskiya ba tare da jin kunya ba, domin maganin da za su ba shi ya danganta da ita. Wanda kuma ya riga ya saba da sha kullum, kada a tilasta masa yankewa dare ɗaya a ɗaki a kulle, gama yankewar gaggawa tana da tata azabar da ke mai da mutum baya. A kai shi a rage masa sannu a hankali a hannun likita, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko a sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.