Gwajin Ƙarfin Ƙashi: Shawara Ga Iyayenmu Mata

Idan dattijuwa ta zame a tsakar gida sai ƙugu ko wuyan hannu ya karye, kada a tsaya ga maɗori kawai. Wataƙila ƙashin ne ya zaizaye, ciwon da sau da yawa ba ya nuna alama sai an karye. Ranƙwafawa da raguwar tsayi ma alamu ne.

Akwai na'urar da ake kira DEXA, mai auna ƙarfin ƙashin ƙugu da na gadon baya cikin kamar minti 15, ba allura, ba zafi. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1994, sakamakon -2.5 ko ƙasa da haka yana nufin ƙashi ya zaizaye.

Mata masu shekara 65 zuwa sama, da waɗanda al'ada ta ɗauke musu da wuri, da masu daɗewa suna shan dexamethasone ko prednisolone, su ya kamata a fara aunawa.

Jama'ar Tozai, ku fara ganin likita a babban asibitin Sabon Birni ko Isa, ku nemi ya tura ku inda ake gwajin. Kafin nan, a yawaita nono, zogale da miyar kuka, a riƙa shan hantsi, a daina shan maganin ƙiba barkatai.