Kantar Littattafai Ba Ta Tsayuwa Da Nauyinta, A Ɗaure Ta Da Bango

Ranar Asabar ɗin da ta wuce wani malamin makaranta ya kira ni gidansa, wai kantar littattafansa ta ɓalle, in zo in gyara. Na ɗauka katako ɗaya ne ya saki. Da na shiga falon sai na tarar da ita kwance a gefe, gilashin ƙofar ya tarwatse, tayil ya tsage daidai inda kusurwarta ta daki ƙasa. An tara littattafan a kan tabarma.

Uwargidan ce ta ba ni labari daga bayan labule, muryarta na rawa. Ɗansu ɗan shekara 3 ya dame su da kukan waya, sai baban ya ɗora ta can saman kanta, yaron na kallo. Baban ya fita masallaci, ita kuma ta shiga kicin sauke tukunya. Yaro ya buɗe ƙofar ƙasa, ya taka hawa na farko, ya taka na biyu, ya miƙa hannu. Kanta ta biyo shi. Hannun kujerar kushin ne ya tare gefe ɗaya, shi ya sa ba ta sauka a kansa ko a ƙirjinsa ba. Cinyarsa ta karye. Yanzu haka yana kwance a asibitin ƙashi, an rataye ƙafar.

Na duba aikin, raina ya ɓaci. Tsayinta ƙafa 7, zurfinta inci 10 kacal. MDF ne zalla, ga ƙofofin gilashi masu nauyi a gaba, bayan kuwa siririn filawud ne da 'yan ƙusoshi nan da can. Ƙasan gaba ya sha ruwan goge-goge har ya kumbura ya fara dagargajewa. Sikatin da ke ƙasan bango ya hana ta mannewa da shi. Hawa biyu na sama an cika su da Fathul Bari mujalladi 13 da manyan tafsirai, na ƙasa kuma tsofaffin jaridu da takardun jarrabawa. Babu ko sukuru ɗaya tsakaninta da bango.

Na ce, "Malam, wanda ya yi maka aikin nan bai ce a ɗaure ta ba?" Ya ce, "Cewa ya yi nauyinta ma zai riƙe ta." Wannan magana ce ta wanda bai gama koyo ba ya gudu daga wurin ogansa ya buɗe shago. Nauyin da ke sama ba ya riƙe komai, shi ne ma yake jawo ta.

Abin da ya fi ƙona min rai bai zo ba sai da na buɗe jakar diril. Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Oga, ka dai mayar min da ita yadda take. Gidan haya ne, mai gidan ba ya son a huda masa bango. Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Ɗanka na kwance a gadon asibiti, ga ƙanwarsa tana rarrafe a gabanmu, kana lissafin fentin mai gida? Na ce masa mun yi imani da ƙaddara, amma ni ba zan tayar da ita ba sai da birakit, in bai yarda ba ya nemi wani. Sai da uwargida ta sa baki, ta ce in ba a ɗaure ba a fitar mata da ita daga falo, sannan ya yi shiru.

Duk kantar da ta wuce ƙugun babba a gidan da akwai yara, a ɗaure ta. Birakit biyu a sama, fisha (robar da ake cusawa a ramin bango) da sukuru mai tsawo. Manyan littattafai a ƙasa. Shi ke nan.

Na san dalilin da ya sa mutanenmu ke kai Alƙur'ani da littattafan addini sama, girmamawa ce, kuma ba zan ce a sauko da su ba. Amma in haka za ka jera, ɗaurewa ta zama dole sau biyu. Jerin littattafai masu bango mai kauri na tsawon mita ɗaya kan wuce kilo 20.

'Yan'uwana kafintoci, ku ji tsoron Allah. Ƙusar kankare da kuke dokawa ta cikin filawud ɗin baya ba ɗauri ba ne, filawud ɗin zai yage ya bar ƙusar a bango. A jikin katakon sama ake kama birakit. Ku daina cusa tsinken ashana a rami a madadin fisha. Bulonmu, mai inci 6 ne ko mai inci 9, rami ne a cikinsa. In diril ya faɗa wayam, ku matsa gefe ku nemi inda yake da nama. Fulasta kaɗai ba ta riƙe komai. Kada kuma a huda saitin soket ko makunni, wayar lantarki na bi ta nan. In sikatin ya tokare, a yanke gurbinsa a ƙafar baya ko a sa katako a cike gibin. Ƙasa in ba ta daidaita ba, weji a gaba ake sawa don ta kwanta baya, ba kwali ba, kwali yana lotsewa.

Kada a aza kanta rabi a kan kafet rabi a kan tayil. A kuma duba ko gara ta ci katakon.

Wannan ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 a Amurka bayan wasunsu sun faɗo wa yara sun kashe su, alhali da yawansu ba su kai tsayin kantocinmu ba.

Iyaye, ku daina ɓoye waya, rimot ko alawa a saman kanta a gaban yaro, kun nuna masa inda zai hau ne. Masu haya kuma, ramin fisha biyu da ɗan fila da fenti ake toshe shi ranar tashi. Yau ɗin nan ka sa hannu a saman kantarka ka ɗan jawo ta a hankali. In ta motsa, sauke littattafan sama ka kira kafinta, kada ka jira ƙarshen wata.