Darasi: Mabiyiya da Inda A Ke Binne Ta

Darasinmu na wannan wata a kan wani abu ne wanda maza ba su cika ambatonsa ba, mata kuwa sai a ɗaka da raɗa. Kafin ku ci gaba, ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta Farawa sura 30 tukuna, gama za mu komo wurin.

Bara da kaka, bayan yankan gero, wata tsohuwa ta ekklesiyarmu a ƙasar Bichi ta yi mini sammako. Ta daɗe tana gaisuwa kafin ta kawo abin da ke tafe da ita. Ta ce, "Fasto, matar ɗana yau shekara huɗu da haihuwa, ko ɓatan wata ba ta yi ba. Na kuwa san dalili." Na ce, "Inna, mene ne dalilin?" Ta ce a asibiti yarinyar ta haihu, aka miƙa mabiyiya cikin leda ga ƙanen miji, yaro ne, ya kawo gida da dare ya tona rami ya jefa. Ba a wanke ba, ba wanda ya san ko a kife ta faɗa. Tsohuwa tana so a je wurin boka ya gyara, in kuwa bai yiwu ba ɗanta ya ƙara aure. Ku lura, wannan mace ta yi shekara talatin tana zuwa sujada. Auren masu bi biyu yana shirin mutuwa saboda rami guda a bayan ɗaki.

Mabiyiya, wadda waɗansu ke kira mahaifa, tsofaffi kuma su ce uwa, ita ce naman nan mai faɗi da ke biyo jariri. Nauyinta wajen rabin kilo ne. Tana manne da cikin uwa wata tara, ta wurinta ne abinci da iska su ke bin igiyar cibiya su kai ga yaro. Aiki ne na ban mamaki na Mahalicci. Amma da yaro ya ja numfashi na fari, aikinta ya ƙare.

Kakanninmu ba su yar da ita. Ungozoma ta kan wanke ta, a tona rami a bayan ɗaki, wurin da mai jego za ta yi wanka, a kwantar da ita da wajen cibiya yana duban sama, a rufe. Su kan ce in an kife ta haihuwa ta tsaya, in maƙiyi ya tone ta zai yi sammu da ita. Guntun cibiya kuma sa'anda ya faɗi, waɗansu su kan ɗinke shi cikin fata a rataya wa yaro. Wata malamar tarihi ta Amurka, Barbara Cooper, wadda ta daɗe tana bincike a Maraɗi, ta buga rubutu a 1919 da shekara ɗari, watau 2019, a kan binne mabiyiya a Nijar, inda a ke ce da ita abokiyar tafiya, a kuma ɗaura zancen haihuwar gaba a kan yadda aka binne ta. Har can New Zealand, mutanen Maori kalma ɗaya su ke da ita domin mabiyiya da ƙasa, kamar yadda mu ke ce wa garinmu mahaifa, mu ce nan aka binne cibiyarmu.

Samarinmu masu waya sun kawo mini wata tambaya dabam. Sun ga labari cewa a Amurka da Ingila akwai mata masu cin mabiyiyarsu. Gaskiya ne. Waɗansu su kan ba da ita a busar, a niƙa, a ɗura cikin ƙwayoyi kamar magani, wai tana ƙara jini da nono, tana kore baƙin ciki na bayan haihuwa. Hujjarsu ita ce dabbobi suna ci. I, akuya da saniya su kan ci, kowane makiyayi ya gani, raƙumi kuwa ba ya ci. Masana a Jami'ar Northwestern sun tattara binciken da aka yi a 2015, ba su sami shaidar amfanin ba. A 2017 kuma hukumar kiwon lafiya ta Amurka ta ba da labarin wani jariri a jihar Oregon wanda cuta ta shiga jininsa sau biyu, aka kuwa sami irin ƙwayar cutar nan cikin ƙwayoyin mabiyiya da uwarsa ke haɗiya. Ba kowane abu da ya fito ƙasar Turawa ne wayewa ba.

Wuri ɗaya kaɗai Littafi Mai Tsarki ya ambaci mabiyiya da sunanta cikin Ibrananci, shi ne Kubawar Shari'a 28:57. Musa yana faɗakar da Isra'ila a kan la'anar da za ta zo in sun bar Ubangiji. Abokan gāba za su kewaye birni, yunwa ta yi tsanani har mace 'yar gata, wadda ba ta saba taka ƙasa ba, ta ci mabiyiyarta a ɓoye. Ashe cin nan alamar iyakar masifa ce. Manzanni kuma sun gargaɗi masu bi su guji cin jini, Ayyukan Manzanni 15:29, mabiyiya kuwa cike ta ke da jini. Wannan ya ishe mu, gama ban taɓa jin Bahaushe yana marmarin wannan ba.

Abin da ya dame mu shi ne tsoro. Shin binnewa zunubi ne? A ganina, a'a. Daga jikin mutum ta fito, ba daidai ba ne a bar wa karnuka da angulaye. A ƙasarmu inda gida ke jikin gida, gona ke jikin gona, tsabta ma ta wajabta binnewa. A tona rami mai zurfi kamu biyu, nesa da rijiya, a rufe a danne da dutse. In kaka tana so ta wanke ta da hannunta, a bar ta, a yi addu'ar godiya tare. Amma ran da muka ce haihuwar mace tana rataye a kan yadda nama ya kwanta cikin rami, mun ba rami abin da ke na Allah.

Yanzu ku komo Farawa 30. Rahila ta matsa wa Yakubu saboda rashin haihuwa, shi kuwa ya husata, ya nuna mata cewa wannan iko ba a hannunsa ya ke ba. Sa'an nan Ra'ubainu ya samo waɗansu 'ya'yan tsiro a saura waɗanda mutanen zamanin ke ɗauka maganin haihuwa ne. Rahila ta yi ciniki da Lai'atu domin ta same su. Wa ya yi ciki? Lai'atu, wadda ta ba da maganin. Rahila mai magani a hannu ta zauna tana jira, har Lai'atu ta ƙara 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, kana Allah ya tuna da ita ta haifi Yusufu. Na karanta wa tsohuwa wannan, ta yi shiru. Na kuma tuna mata cewa tsohon gidansu inda aka binne mahaifar 'ya'yanta bakwai, tun da aka raba gādo ya zama gonar gyaɗa, garmar shanu tana bi ta kai kowace damina, jikokinta kuwa sun fi ashirin.

Duk da haka tsofaffi ba su yi kuskure ɗungum ba da su ka haɗa mabiyiya da haihuwar gaba. Sun dubi wurin da ba shi ba ne. Wadda ke da hatsari ita ce wadda ta rage a ciki. Ya kamata ta faɗo cikin rabin sa'a bayan yaro. In ta ƙi, ko kuwa ta fito da giɓi, cikin uwa ba ya tsukewa, jini ya yi ta zuba, zubar jini kuwa ita ce kan gaba wajen kashe mata a haihuwa. Rabin lita, watau cikin ledar ruwan sha guda, shi ne iyakar da likitoci su ka sa. In guntu ya zauna ya ruɓe, sai zazzaɓi da wari, cutar kuma tana iya toshe hanyar haihuwa har mace ba ta ƙara yin ciki ba. A nan ne mu ke ɓata lokaci da hayaƙin barkono, da cusa muciya a baki, da jan cibiya da ƙarfi, rana tana yi, jini yana tafiya. Ku maza, aikinku ke nan. Tun ciki yana wata bakwai ku san motar da za ta ɗauke ta, ku ajiye kuɗin mai. Ku bar ta ta je awo, ta haihu a hannun ma'aikaciyar asibiti. Akwai allura da a ke yi nan da nan bayan haihuwa, akwai kuma ƙwayoyi uku na misoprostol ga wadda haihuwa ta kama a gida. Ba a shan su sai yaro ya fito, an kuma tabbata babu na biyu a ciki. Jihar Sakkwato ta fara raba su ƙauye ƙauye a 2013, tare da man chlorhexidine na shafa wa cibiya.

Cibiyar ma haka. Ezekiyel 16:4 ya nuna tun zamanin dā yanke cibiya da wanke jariri su ne alamar yaron da a ke ƙauna. Tsohuwar aska da ɓawon kara da toka su ke kawo tsinkau-tsinkau, yaro ya sandare ya kasa kama nono, sa'an nan a ce iska ce ko mayya. A yanke da sabuwar reza, a ɗaure da zare mai tsabta, a shafa man nan a cibiya kaɗai, kada ya taɓa ido.

Na kira matar da mijinta, tare da matata, muka zauna. Da aka tambaye ta a hankali, sai ta ce ta yi mako biyu tana zazzaɓi bayan haihuwar nan, aka ce zafin wankan jego ne, ba a mai da ita asibiti ba. Dattawan ekklesiya suka tara kuɗin mota, aka tura su Kano su biyu, gama miji ma sai an auna shi. Likita ya sami alamar tsohuwar cuta, ana yi mata magani. Har yau da na ke rubutu ba ta yi ciki ba, ba kuwa wanda ya yi musu alkawari. Zancen boka da na kishiya dai ya kwanta. Tafiya ta biyu zuwa Kano, tsohuwar ce da kanta ta raka ta.