Darasi: Batiri da Faifan Hasken Rana

Ƴan'uwa, da yawa cikinmu suna haɗa faifan hasken rana kai tsaye da batiri. Kuskure ne babba. Faifan yana iya ba da bolt 18 ko fiye, alhali batiri mai bolt 12 ba ya son a wuce 14,4 wajen cika shi. In an wuce, ruwansa yakan tafasa har ya ƙafe, kuɗin buhunan hatsi su tafi a banza.

Saboda haka mu sa regilater tsakaninsu. Ita ce ke rage wuta zuwa wajen 13,6 idan batiri ya cika. Da bazara mu aje shi cikin inuwa, inda iska ke shiga, nesa da murhu. In ruwansa ya ragu, mu ƙara ruwan batiri na kanti, ban da na rijiya.